Aikin Garda a Ayalan: in nema ko in haƙura da tumbina?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema amma don Allah kar a min dariya. Tunda aka ɗaga shekarun shiga aikin Garda daga 35 zuwa 50 abin yake min yawo a rai, ni yanzu 41 nake, shekara takwas kenan ina gadin shago a Dublin, tsayuwar awa goma ba wani ci gaba, ga takardar zama ɗan ƙasa ta fito tun bara. Maman Hanif ta ce in jarraba, ni kuma abin da ke ban tsoro gwajin ƙarfin jikin nan ne, don rabona da gudu tun ina buga ƙwallo a unguwa, yanzu in na hau bene hawa biyu sai na tsaya na yi kamar ina duba waya. Wanda ya san yadda gwajin yake ya taimaka.

Ɗan Fagge: Tsaya tukuna Yaya, wai gardi za ka zama? Gardin allo ko na wasa da kura? Hhhh

Malam Sabo Cork: Ɗan Fagge ba ka yi nisa da gaskiya ba ai. Ɗan sanda ɗaya Garda ake ce masa, in suna da yawa a rubuta Gardaí, kuma a baki "gardi" ake furtawa sak irin namu. Ranar da na fara ji a rediyo an ce gardi sun kama wani sai da na yi dariya ni kaɗai a mota. Cikakken sunan hukumar An Garda Síochána, wato masu gadin zaman lafiya a yarensu.

Zee Galway: Wa alaikumus salam Yaya. Ni na bibiyi abin sosai don ƙawata ta yi. Na farko akwai gudun nan da ake shata layi biyu, mita 20 tsakaninsu, na'ura tana yin ƙara ɗit, dole ka isa ɗaya layin kafin ta sake yi, da farko kamar wasa har ka ce wannan ai tafiya ce, sai ƙarar ta riƙa matsowa kusa kusa har numfashi ya ƙare maka. Na biyu zagayen shingaye ne: ka ratsa tsakanin 'yan robobin nan na kan titi, ka bi ta kan siririn katako ba ka faɗo ba, ka ɗauki tayar mota, ka sunkuya ta ƙarƙashin shinge, ka ja mutum-mutumi mai kilo 45, ka hau matakala ka sauko, ka tsallake ƙofa, kuma ba sau ɗaya ba, sannan agogo na tafiya. A da har da wanda ake dafa ƙasa da hannu ana sama da ƙasa da wanda ake kwanciya rigingine ana tashi zaune, amma a 2025 an cire waɗannan biyun, aka kuma mayar da makin cin gudun iri ɗaya ga kowa, mace ko namiji, yaro ko babba.

Baban Hanif: Alhamdulillah da aka cire na tashi zaunen nan, don tumbin ba zai bari ba wlh.

Abba Taksi: To ai matsalar kenan. Yaya kar ka ji haushina, ba da kai nake ba, amma ni wannan sassautawar ba ta kwanta min ba ko kaɗan. Mutum ba bindiga gare shi ba, abin da yake da shi kawai jikinsa ne da bakinsa, sannan a zo a ce jikin ma ba sai ya yi ƙwari ba? Ni da nake kwana a kan titi na san irin yaran da ke yawo tsakar dare a O'Connell Street, 'yan shekara sha shida sha bakwai, gudu kamar barewa, in ɗan shekara 49 ya biyo su ai sai dai ya ɗaga musu hannu su gaisa. Kawai gwamnati ta rasa masu shiga aikin ne take ta rage tsayin katanga don kowa ya iya tsallakowa.

Maman Iman Limerick: Abba ka cika zafi. Ni shekarata nawa ina aikin jinya, kusan duk daren Asabar sai gardi sun kawo mana wani, kuma abin da nake gani da idona ba tsere ba ne. Mashayi ne ya fasa kai yana zagin kowa, ko yarinya da ke son hallaka kanta, ko tsoho da ya ɓata bai san gidansa ba. Wanda ya fi iya irin wannan ba mai ƙwanji ba ne, mai haƙuri ne da ya san yadda ake lallashin mutum. Na ga wata Garda 'yar ƙarama da ba ta kai kafaɗata ba ta zaunar da wani ƙato da magana kawai har ya fashe da kuka. Mutum irin Baban Hanif da ya yi shekara takwas yana fama da ɓarayin shago da 'yan maye ba tare da ya mari kowa ba, ai ya riga ya yi rabin karatun.

Abba Taksi: Hajiya na yarda, amma ran da lallashi ya ƙi fa?

Malam Sabo Cork: Bari in ɗan ja ku baya, don wannan gardamar ba yau aka fara ta ba. Lokacin da na zo ƙasar nan ana cikin irinta a kan tsawo. A da sai namiji ya kai ƙafa 5 da inci 9 kafin a ɗauke shi, mace ƙafa 5 da inci 5, shi ya sa in ka ga tsoffin gardi da suka yi ritaya za ka gansu zanƙala-zanƙala kamar 'yan dambe. A 2001 aka soke wannan aka kawo gwajin ƙarfin jiki a madadinsa, kuma a lokacin ma sai da mutane suka ce shi kenan an lalata aikin, gajeru za su cika shi. Yanzu wa ke maganar? Shi wannan sassaucin na baya-bayan nan ma yana da tarihi: a farkon 2023 wani ɗan majalisa Jim O'Callaghan ya fito ya ce gwajin ya yi tsauri yana hana a samu ma'aikata, sai ga shi a Janairun 2025 shi ne ya zama ministan shari'a, wanda 'yan sandan ke ƙarƙashinsa. Amma ni inda nake ganin Abba bai taɓo ba, kuma nan ne gizo ke saƙar, shi ne ba a ƙofar shiga matsalar take ba. Ka ci gwaji kana 22, ka gama kwalejin horar da 'yan sanda ta Templemore, to Garda na gama-gari ba a sake tsayar da shi duk shekara a ce ya yi gudun nan, alhali a Ingila da Wales tun 2014 suke yin na shekara-shekara. Ga shi kuma an ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 62 a 2024. To wanne ya fi, ɗan 41 da ya ci gwaji jiya, ko ɗan 41 da ya ci shekara ashirin da suka wuce ya zauna a mota yana cin soyayyen dankali?

Zee Galway: Malam ka gama magana. Kuma fa a kwalejin ma ana ci gaba da gwada su, ba wai ka ci na farko ka je ka kwanta ba.

Ɗan Fagge: Ni fa har yanzu ban wuce wajen "ba bindiga" ba. Wai da gaske ɗan sanda zai fito sintiri hannu rabbana? To in 'yan fashi suka zo sai ya ce musu don Allah ku bari?

Abba Taksi: Da gaske ne ƙanena. Abin da ke ɗamararsa: kulki irin mai zugewa, ankwa, feshin barkono, oba-oba, sai rigar da wuƙa ba ta hudawa. Feshin ma sai 2009 aka ba su. Masu bindiga daban suke, akwai rukunin kai ɗauki na ASU da ke yawo cikin manyan motoci, akwai rukunin gaggawa na ERU na manyan ayyuka, sai 'yan farin kaya da yawansu ke ɗauke da ƙaramar bindiga. Na kan titi in abu ya fi ƙarfinsa sai ya kira ya jira. A Dublin jiran ba yawa, amma ka ɗauki ƙauye a Mayo ko Donegal da tsakar dare.

Malam Sabo Cork: Ɗan Fagge, da gangan suka yi haka ba talauci ba ne. Kafin su sami 'yanci 'yan sandan da ke ƙasar RIC ne, masu bindiga, kuma jama'a na kallonsu a matsayin karnukan farautar Ingila, balle da aka haɗa su da 'yan Black and Tans, yawancinsu tsoffin sojojin Birtaniya, da suka yi ta ƙone-ƙone da kisa. Da aka kafa sabuwar rundunar a 1922, ƙasar na shirin faɗawa yaƙin basasa, kowane gida da makami, sai suka tura samari ƙauyuka ba ko harsashi. Shugabansu na farko Michael Staines shi ya ce ba da ƙarfin makami ko yawan mutane rundunar za ta yi nasara ba, sai da mutuncin da take da shi a idon jama'a a matsayin masu yi musu hidima. Har yau wannan maganar suke ja. Kuma ba su kaɗai ba ne, Iceland da New Zealand da Birtaniya ma haka suke, amma ka tsallaka Ayalan ta Arewa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Dublin, 'yan sandan PSNI kowa da bindigarsa a ƙugu.

Wani abu kuma, bindigar ba ita ce maganin mutuwa ba. Adrian Donohoe da 'yan fashi suka harbe a Louth a 2013 yana ɗauke da ita. Colm Horkan a Castlerea a 2020 da tasa bindigar aka kashe shi bayan an ƙwace ta. Tony Golden kuma da aka kashe a Omeath a 2015 ba shi da ita, ya raka wata mata ne ta kwaso kayanta daga gidan wanda ke dukanta. Kowa sai ya ɗauki wanda ya dace da hujjarsa.

Abba Taksi: Malam tarihi da daɗi amma ni ina cikin gari ranar 23 ga Nuwamban 2023, ba labari aka ba ni ba. Bayan an soki yaran nan da wuƙa a bakin makaranta a Parnell Square, kafin isha gari ya kama da wuta, bas na ci, jirgin ƙasan cikin gari na Luas na ci, motocin gardi na ci, ana fasa shaguna ana kwasar takalma. Na sauke fasinja na juya da ƙyar, ina ta addu'a kar wani ya leƙo ya ga fatata don ranar mu baƙi ake nema. Abin da duniya ta gani a bidiyo shi ne Garda shi kaɗai an zagaye shi ana duka, wasu ba hular kwano ba garkuwa, sai 'yar rigar ruwan ɗorawar nan. Washegari sai aro motocin feshin ruwa biyu aka yi daga PSNI. ƙasa guda ba ta da ko ɗaya! Mutuncin da Staines ke faɗa bai hana a jefe su da kwalba ba.

Ɗan Fagge: Motar ruwan zafi ma aro? Kai jama'a.

Zee Galway: Nasu na sanyi ne Ɗan Fagge, kuma a sanyin Nuwamban Dublin ina ga gara na zafin ma hhh

Maman Iman Limerick: Ranar kam ba wanda ya yi barci, ni ma ina ta kiran 'yata da ke karatu a can. Amma Abba ka faɗi har da abin da ya biyo baya mana. An ƙaro musu feshi mai ƙarfi, an ƙaro kayan kwantar da tarzoma, daga baya sun sayi motocin ruwan nasu, sannan kyamarar ƙirji da aka daɗe ana jan ƙafa a kanta aka fara gwajinta ƙarshen Mayun 2024 a ofisoshin Store Street da Pearse Street da Kevin Street, daga nan aka kawo mana Limerick da Waterford. Ni wannan kyamarar ta fi min komai, don tana kare su tana kare mu. Da can kowa na ɗaukarsu a waya yana cusa musu ita a fuska yana yanke inda ya ga dama ya sa a TikTok, su ba su da nasu.

Abba Taksi: Sai da gari ya ƙone aka tuna. Kuma har yanzu akwai gardin da ke tuƙa motar sintiri amma ba shi da izinin kunna jiniya ya bi mai laifi don bai yi kwas ɗin tuƙi na gaba ba. Motar na da jiniya, direba ba dama ya taɓa. Abin da suka yi da wuri shi ne canza kaki a 2022, aka cire taye da riga mai kwala aka ba su 'yar shat da wando mai aljihu a cinya, fasinjojina tsofaffi har yau cewa suke sun koma kamar ma'aikatan kanti.

Baban Hanif: Ni kakin ya min, ka taɓa kokawa da mutum kana sanye da taye? Ni na yi a wurin aiki, ba daɗi.

Sadiq D15: Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba, amma naga ana ta zagaye abu ɗaya. Yaya Baban Hanif, kafin ka yi maganar gudu ka tambayi kanka yadda yaranmu da aka haifa a nan ke kallon kakin. Ni a Blanchardstown na tashi. George Nkencho ɗan Najeriya ne da ya girma a nan, shekararsa 27, 'yan ASU suka harbe shi a ƙofar gidansu a Clonee ranar 30 ga Disamban 2020, 'yan uwansa na cikin gidan. Eh yana riƙe da wuƙa, eh ya daki wani a shago kafin nan, an kuma gwada feshi da na'urar shokin ba su yi aiki ba, ban ɓoye ko ɗaya ba. Amma danginsa sun ce yana fama da taɓin hankali, kuma a 2024 ofishin mai gabatar da ƙara ya ce ba za a gurfanar da kowa ba. Ku je ku tambayi samarin unguwarmu me suka ɗauka daga wannan. In ana cewa kusan kashi 90 na mutane sun yarda da Garda, ni sai in ce su wa aka tambaya.

Malam Sabo Cork: Sadiq ɗana, ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Allah ya ba iyayensa haƙuri. Alƙaluman nan na kusan kashi 90 daga binciken da hukumar ke sa a yi mata duk shekara suke fitowa, kuma ni ban ce na bogi ba ne, don Bature ɗan ƙauye Garda a wurinsa ɗan maƙwabci ne, shi ke horar da yara ƙwallon gargajiyarsu ta GAA, shi ke sa hannu a fom ɗin fasfo. Amma ka tambayi 'yan Traveller, ƙabilar nan da aka sani da yawon ƙaura, waɗanda 'yan asalin ƙasar ne ma ba baƙi ba, za ka ji wata magana daban. Kuma su kansu Turawan sun iya raba abu biyu: suna son Gardan unguwarsu, ba su yarda da manyan da ke hedikwatarsu ta Phoenix Park ba. Dalili kuwa ga shi nan birjik. Sajan Maurice McCabe da ya tona yadda ake goge wa masu hanya laifin tuƙi, sai da aka nemi a ɓata masa suna da mummunan ƙazafi, kotun bincike ta Charleton ta wanke shi a 2018. A 2017 aka gano an rubuta gwajin barasa na direbobi sama da miliyan ɗaya da ba a taɓa yi ba. Ka ji fa, ba wanda ya hura, lamba kawai ake cikawa.

Abba Taksi: Shi ya sa ni duk shekarun nan sau biyu kawai aka taɓa tsayar da ni in hura, ashe a takarda na hura sau ɗari.

Maman Iman Limerick: Sadiq na ji zafin maganarka, ni ma uwa ce. Amma ni a nan nake ganin dalilin da zai sa irin su Baban Hanif su shiga. In an kira gida irin namu, yaro ya birkice, uwa na ihu da yarenta, wa kake so ya fara shigowa? Tun 2019 sun yarda mace ta sa hijabi da kaki, Sikh ya sa rawaninsa, an kuma daɗe da cire sharaɗin sai ka iya yaren Irish kafin ka nema. Ƙofa a buɗe take, mu ne ba ma shiga, sai mu koma gefe muna cewa ba namu a ciki.

Sadiq D15: Anti mutum ɗaya ba zai canza rundunar mutum 14,000 ba. Shi za su canza.

Maman Iman Limerick: Mata ma da 12 suka fara a 1959.

Abba Taksi: Ni dai abin da zan ƙara, Yaya ka shiga da idonka a buɗe. Su kansu na ciki ba daɗi suke ji ba. A Satumban 2023 ƙungiyarsu ta GRA ta kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 99 suka ce ba su da amanna da kwamishina Drew Harris, rigimar jadawalin aiki ce a gaba amma a ƙasa akwai tarin takardu da tsoron dakatarwa. Ba ka ji wanda aka dakatar sama da shekara uku don ya ara wa wani tsoho keken da ke ajiye a ofis lokacin korona ba? Ƙarshe aka ce ba shi da laifi. Wasu na ajiye aikin suna tafiya Ostireliya, can rana ga kuɗi. Yanzu dai Justin Kelly ne a kujerar tun Satumban 2025, shi a cikinsu ya taso, sai mu gani.

Baban Hanif: Kai, na zo tambayar gudu na tashi da digiri. Malam Sabo, zaman Templemore ɗin fa? Don ina da iyali da haya.

Malam Sabo Cork: Nan ne za ka yi lissafi da Maman Hanif da kyau, ba a wajen gudu ba. Kwalejin na Tipperary, kwana ake yi a can ranakun aiki na tsawon watanni, alawus ɗin kurtu Yuro 354 ne a sati, da 184 ne ma aka ɗaga sau biyu. Abinci da ɗaki kyauta, amma hayar Dublin ba ta san kana kwas ba. In ka gama akwai digirin da Jami'ar Limerick ke bayarwa, sannan ba kai ke zaɓar inda za a tura ka ba.

Zee Galway: Yaya ka sauke sautin gudun a waya, yana nan kyauta, ka auna mita 20 a filin unguwa ka ajiye takalmi a kowane gefe. Kar ka fara da ƙarfi, kuskuren kowa kenan, ka bi ƙarar kawai, kuma ka koyi juyawa da ƙafa ɗaya a kan layi maimakon ka yi kwana kamar tirela. Sau uku a sati, sannan ka ga likita tukuna a duba hawan jini.

Ɗan Fagge: Kuma a rage tuwon dare.

Baban Hanif: Jama'a na dawo. Bayan asuba na je filin bayan gidanmu na gwada kamar yadda Zee ta ce. Ban san matakin da na kai ba don wayar ta faɗi a ciyawa, na dai san lokacin da na dawo hayyacina ina durƙushe, wata tsohuwa mai yawo da kare tana tambayata ko ta kira min motar asibiti. Na ce mata a'a horo nake zan shiga Garda. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce to Allah ya taimake mu baki ɗaya.

Abba Taksi: Hhhhh ka ga irin fasinjojina. Jibi ƙarfe nawa za ka fita? Zan biyo in riƙe maka wayar.

Baban Hanif: Shida da rabi. Ka taho da takalmin gudu, ba riƙon waya ba, mu ga kai da ke cewa an sassauta.